Kafin ɗalibi ya rubuta cewa kuka ta warkar da kumburin hanji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da ɗalibai da malaman da ke duba ayyukansu, a kan wani bincike da ake yawan zaɓa a nan Zariya, tun daga yaran sakandare 'yan kulob ɗin kimiyya na JETS har zuwa 'yan ajin ƙarshe na jami'a: shin abin da mutum ke ci yana rage ko yana tsananta kumburin hanjin da garkuwar jiki ke haddasawa? Tambaya ce mai kyau, kuma muna so a ci gaba da yin ta a kan abincinmu na gida, kuka da zogale da gero da nono, domin akasarin abin da aka rubuta a fannin an yi shi ne a kan cimar Turai da Amurka. Abin da ke damunmu shi ne, sau da yawa taken aikin yana ɗaukar alkawarin da gwajin ba zai iya cikawa ba. A kashe kuɗin iyaye, a wahalar da dabbobi, a ƙarshe a rubuta cewa ganye kaza ya warkar da cutar da tun farko ba a samar da ita a jikin dabbar ba.

Da farko ɗalibi ya tsayar da cutar da yake nufi, domin uku ne ake cakuɗawa. Akwai cutar Kuron, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a birnin New York a 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tana tsallake wani wuri ta kama wani, kuma tana ratsa kaurin bangon hanji gaba ɗaya. Akwai gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaratif kwalaitis: yana farawa daga dubura ya yi sama ba tsallake, kuma fatar cikin hanji kawai yake ci. A waɗannan biyun garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri wajen faɗa da ƙwayoyin bakteriyar da suka saba zama a hanji, a jikin mutumin da ya gaji saurin kamuwa, kuma babu wani abinci guda da aka tabbatar shi ne sila. Ta uku ita ce cutar siliyak, ita kam an san mai tayar da ita: gulutin, furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama, ya rubuta kundinsa a kai a 1950. Wajen mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita a duniya, kuma kada a ɗauka cutar Turawa ce: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya sami kashi 5.6 cikin ɗari, ɗaya daga cikin mafi yawa da aka taɓa gani. Garin da ake karya kumallo da burodi da fanke, a ci taliya da rana, a kai gara da alkaki, ya dace ya san da ita.

Abu na biyu, a cire mutane daga lissafi. Kada ɗalibi ya tara masu ciwon ciki ya ce su daina cin kaza ko su riƙa shan kaza na wata guda. A yankinmu gudawa mai jini da majina ta fi zama atini, ko tsargiya, ko tarin fuka na hanji, ko basir mai zubar da jini, kuma ba a raba su da cutar Kuron ko gyambon hanji sai da gwajin bayan gida, da leƙa hanji da na'ura, da ɗan naman da za a duba a madubin likita. Ɗalibin da bai da wannan bai san wa yake gwadawa ba. Ga kuma cutarwa ta kai tsaye: wanda ake zargin yana da siliyak, idan ya bar alkama kafin a ɗebi jininsa, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan. Ko takardar tambayoyi ce kawai za a raba, sai an sami izinin kwamitin ɗa'ar binciken lafiya, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ita ma takardar tana da tarkonta: mai ciwon hanji ya riga ya bar yaji da wake da madara saboda suna tayar masa da ciki, sai ɗalibi ya ga masu ciwo ba sa cin wake, ya rubuta cewa rashin cin wake ne ya jawo ciwon.

Sai batun dabbobi, inda ruɗanin ya fi yawa. Hanyar da aka fi bi a ɗakunan gwaje-gwajenmu, saboda araha, ita ce a zura wa babban ɓeran gwaji mai suna Wista ruwan asid na asetik mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari ta dubura. Hanji ya kumbura, ya yi gyambo cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ƙuna ce. Garkuwar jiki ta zo ne daga baya don ta gyara ɓarna, ba ita ta fara ba. Kiran wannan cutar garkuwar jiki daidai yake da a cinna wa rumbu ashana sannan a ce ana nazarin yadda gara ke cin sa daga ciki. Hanyar DSS, wato zuba wa ɓeraye wani sinadari mai wannan suna a ruwan sha, wadda masana a Japan suka bayyana a 1990, ta fi ta kusa da gyambon babban hanji, domin sinadarin yana lalata majina da fatar cikin hanji a hankali har bakteriya su kutsa. Amma ita ma tana kama ɓerayen da ba su da manyan ƙwayoyin garkuwa na T da B, wato ba ta dogara da ɓangaren garkuwar da ke koyon abokin gaba ya riƙe shi ba. Ɓerayen da kumburinsu ke tasowa daga rikicewar garkuwa da gaske, irin waɗanda aka cire wa ƙwayar halittar IL-10, mai kwantar da kumburi, a 1993, suna buƙatar ɗaki mai tsananin tsabta da kuɗin da aikin digirin farko ba zai ɗauka ba. To ba laifi a yi amfani da DSS, muddin take ya faɗi gaskiya: tasirin garin kuka a kan raunin hanji da kumburin da DSS ya jawo a ɓeraye.

Yaran sakandare kuwa, ra'ayinmu shi ne kada su taɓa ɓera, ko zomo, ko kaza a irin wannan aiki. Dokokin babbar gasar kimiyyar ɗalibai ta duniya, ISEF, sun hana duk gwajin da aka tsara don ya jawo wa dabba mai ƙashin baya ciwo mai ɗorewa ko mutuwa, kuma kumburin hanji ya faɗa ciki tsundum. Akwai ayyuka biyu da za su iya yi da kyau a makaranta.

Na farko shi ne wanke gulutin, kuma ya shafi siliyak kai tsaye. A auna giram 25 na fulawa, a zuba ruwa kamar mililita 15, a murza har ya zama dunƙule mai laushi, a nutsar da shi cikin kwanon ruwa na minti 30 zuwa awa ɗaya. Sannan a riƙa matsa shi a hankali a ƙarƙashin siririn ruwa mai ɗan gishiri, giram 20 a lita, a bisa rariya mai ƙananan idanu don kada gutsattsari su bi ruwa. Sitaci zai fita fari fat. A riƙa tarar ruwan wankin ana ɗiga masa ayodin. Idan ya daina komawa shuɗi, wanki ya kammala. Abin da ya rage a hannu, mai danƙo kamar roba, shi ne gulutin. A matse ruwansa a auna. Fulawar burodi takan ba da kusan kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na nauyinta a jiƙe. A maimaita da garin gero, dawa, masara, shinkafa da acca: za su warwatse a ruwa ba su bar wani dunƙule mai danƙo ba. Kowane gari a yi shi sau uku aƙalla, kuma mutum ɗaya ya yi duk wankin, domin hannu ya bambanta da hannu. Ana iya faɗaɗa aikin a gauraya fulawa da garin dawa kashi 10, 20, 30 da 50, a zana jadawalin yadda gulutin ke raguwa. Iyakar gwajin kuwa dole a rubuta ta: ba zai iya shaidar cewa gari ya dace da mai siliyak ba. Ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo guda, kuma geron da aka kai injin niƙa bayan an niƙa alkama zai iya zarce haka ba tare da hannu ya ji komai ba. Yaron da ya gane wannan ya kuma rubuta shi ya koyi kimiyya.

Na biyu shi ne amfani da ɗan ƙudan nan da ke taruwa a kan ayaba da mangwaron da ya nuna, Durosofila. Hanjinsa yana da fata da ƙwayoyin da ke sabunta ta kamar namu, kuma daga ƙwai zuwa babban ƙuda kwana 10 ne a zafin digiri 25. Gara a roƙo iri daga ɗakin gwajin da ke kiwonsa, domin wanda aka kama a kasuwa gauraye ne, har da wani ɗan uwansa mai fararen layuka a baya. Abincinsa a lita ɗaya ta ruwa: garin masara giram 50, sukari giram 40, yis giram 20, aga (garin da ke daskarar da abincin) giram 8, a dafa, a sauke, idan ya ɗan huce a zuba giram 1 na nifajin da aka narkar a ɗan barasar gwaji don hana fumfuna. A raba shi uku: wanda ba a ƙara wa komai ba, mai garin kuka kashi 2.5, da mai kashi 5. A sa ƙudaje a kan ƙanƙara na 'yan mintuna su suma, a ware mata, domin sun fi girma da sauƙin dubawa; namiji ana gane shi da baƙin gindi mai zagaye. Ƙuda 20 a kowace 'yar kwalba, kwalba 10 ga kowane abinci, a toshe da auduga. Bayan mako guda suna cin abincin, a mayar da rabin kwalaben kowane rukuni kan takardar tacewa da aka jiƙa da rabin mililita na ruwan sukari kashi 5 mai DSS kashi 3, sauran rabin kuma ruwan sukari zalla. A sauya takarda kullum, a ƙirga matattu a lokaci guda kullum. Mai son ganin yoyon hanji da idonsa ya zuba shuɗin launin abinci mai lamba 1, giram 2.5 a mililita 100, ya bar su su kwana a kai: ƙuda mai lafiya shuɗin yana tsayawa a layin hanjinsa, wanda hanjinsa ya huje kuwa jikinsa gaba ɗaya ke rinewa. A matasan ƙudaje wannan ba ya cika faruwa, ya fi fitowa a waɗanda suka haura wata guda.

Abin da ke kashe wannan aiki a Zariya yanayi ne. A watan Maris da Afrilu ɗakin da ba sanyi yana haura digiri 35, alhali daga wajen digiri 30 mazan ƙudan sun daina haihuwa. A hunturu kuma takardar tana bushewa cikin 'yan awanni, ƙudaje su mutu da ƙishirwa a ɗora wa DSS laifi. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000, tana taimakawa a duka biyun, amma a ajiye ma'aunin zafi a ciki ana rubutawa safe da yamma. Kuka kuma tana da yauƙi. Ƙudan da ya maƙale a abinci ya mutu a rubuta shi daban. Kuma a faɗa a rahoto cewa ƙuda ba shi da irin garkuwar da ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, don haka abin da aka auna ƙarfin bangon hanji ne kawai.

Yanzu ga ɗan jami'a da zai yi da ƙananan ɓeraye. Kafin a sayi ko ɗaya, a kai cikakken tsari ga kwamitin kula da amfani da dabbobi na jami'a a jira amincewa a rubuce. Ƙa'idoji ukun da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 su ne ma'auni: a musanya dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage yawansu, a sassauta wahalarsu.

Rukuni huɗu ne mafi ƙaranci: abincin ma'auni (wanda ba a ƙara wa ganyen ba) da ruwa zalla, abincin gwaji da ruwa zalla, abincin ma'auni da DSS, abincin gwaji da DSS. Na biyun shi aka fi zubarwa don tsimin kuɗi, kuma idan babu shi ba za a san ko ganyen da kansa yana saukar da nauyi ko yana sa zawo ba. Ɓeraye 8 zuwa 10 a rukuni, 'yan mako 8 zuwa 10, masu nauyin giram 20 zuwa 25, daga wuri ɗaya. Maza sun fi mata jin DSS, kuma irin C57BL/6 ya fi BALB/c saurin kamuwa, don haka a rubuta jinsi da iri. A raba su da ƙuri'a. Wanda ya sa hannu a keji yana kamowa ɗaya bayan ɗaya, raunana da marasa kuzari zai fara kamawa, duk su taru a rukunin farko.

Keji kansa abin lura ne da mutane da yawa ba su sani ba. Ɓeraye suna cin kashin junansu, saboda haka 'yan keji ɗaya bakteriyar hanjinsu kan zama iri guda cikin 'yan makonni. Idan aka zuba duk 'yan rukuni a keji ɗaya, bambancin da aka gani zai iya zama na keji ne, ba na abinci ba, kuma babu lissafin da zai raba su daga baya. A rarraba kowane rukuni a keji uku ko fiye, kuma a jera kejin a gauraye a kan kanta, kada rukuni ɗaya ya kasance kusa da taga ɗayan kuma a lungu.

Abincin ma'auni shi ne ginshiƙin aikin, tunda abinci ake gwadawa. An saba ba ɓerayen gwaji abincin kaji na kasuwa. Buhu ya bambanta da buhu, wani yana ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka zuba don kaji, wanda zai hargitsa bakteriyar hanjin da ake nazari, kuma masara da ƙulin gyaɗar da suka sha damshi suna iya ɗaukar gubar afulatoksin. Mafi kyau shi ne a bi tsarin haɗa abincin ɓerayen gwaji na AIN-93, wanda aka fitar a 1993 kuma kowane sinadari a cikinsa sananne ne, da faiba kashi 5 cikin ɗari. Idan ba hali, a haɗa abincin duk gwajin a rana ɗaya daga kaya guda, a rubuta awon komai, a adana a busasshen wuri. Ganyen da za a ƙara a kai samfurinsa ɗakin adana tsirrai na jami'a a tantance shi a ba shi lamba, a shanya a inuwa, a daka a tankaɗe, a kuma auna furotin da mai da faibarsa. Zuba kashi 10 na gari a abinci yana nufin an rage kashi 10 na sauran kayan, don haka sai a daidaita ƙarfin abincin biyu, in ba haka ba yunwa ake gwadawa. A bar ɓeraye mako guda su saba da wuri, sannan mako biyu a kan abincin kafin DSS. Ɓera yakan ci giram 3 zuwa 5 a rana. A auna abin da aka zuba da abin da ya rage, har da wanda ya zube ƙasan keji. Zogale mai yawa yana da ɗaci, kuma ɓeran da ya ƙi ci zai rame ko ba kumburi.

DSS ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke jawo kumburin babban hanji shi ne wanda nauyin ƙwayarsa ya kai kilodalton 36 zuwa 50. Mai nauyin 500 da ake samu a wasu ɗakunan gwaji don wani aiki ba zai yi ba. Ana sa kashi 2 zuwa 5 a ruwan sha na kwana 5 zuwa 7, kuma ƙarfinsa yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka a sayi wanda zai isa gaba ɗaya a lokaci guda. Lissafin ba wuya: kashi 2.5 shi ne giram 25 a lita. Ɓeraye 20 masu shan kamar mililita 6 a rana na kwana 7 za su sha mililita 840, idan aka haɗa da wanda ke zuba da wanda ake zubarwa wajen sauyi duk bayan kwana biyu, a tanadi giram 40 ko fiye. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a fara da ɗan gwajin share fage da ɓeraye uku-uku a ƙarfi biyu, a zaɓi wanda ke saukar da nauyi kamar kashi 10. Idan ya yi tsanani kowa ya kwanta, ba a ganin amfanin abinci. Idan ya yi sauƙi, babu abin da za a rage.

Ga wurin da muka fi so malamai su sa ido. Tunda a ruwa maganin yake, yawan abin da ya shiga cikin ɓera ya dogara ne ga ƙishirwarsa. Abinci mai gishiri, kamar wanda aka haɗa da daddawar kasuwa, zai sa a sha ruwa da yawa, a sha DSS da yawa, sai a ce daddawa ta tsananta cuta. Haka ɗakin da ya yi zafi. Ɓeraye suna son digiri 20 zuwa 26 da haske awa 12 duhu awa 12. Dole a auna ruwan kowane keji kullum, a kuma rataye kwalba ɗaya a kejin da babu kowa don a san yawan da ke ɗiga a banza. Kada kuma a zuba ruwan ganyen a kwalba ɗaya da DSS, domin zai iya sauya ɗanɗano ko ya riƙe sinadarin tun kafin ya kai hanji.

Kullum a lokaci guda a auna nauyi a ba da maki a kan abu uku. Raguwar nauyi: kashi 1 zuwa 5 maki 1, 5 zuwa 10 maki 2, 10 zuwa 20 maki 3, sama da haka maki 4. Kashi: mai tauri 0, mai laushi 2, zawo 4. Jini: babu 0, wanda sai takardar gwaji ta nuna 2, wanda ido ke gani 4. Mai ba da makin kada ya san wane keji ne ke cin me. Wani ya liƙa lambobi ya ɓoye takardar. Zoɓo yana rina kashi ja, abinci mai ƙarfe da yawa yana baƙanta shi, ɗanyen ganye kuma yana iya sa takardar gwajin jini ta nuna ƙarya, kuma a nan ne rukunin abincin gwaji da ruwa zalla ke ceton aikin. Ɓeran da ya rasa kashi 20 na nauyinsa, ko ya takure ya tayar da gashi ya daina motsi, a kawo ƙarshen wahalarsa a ranar ta hanyar da likitan dabbobi ya amince, a rubuta shi a sakamako. Kada a goge shi daga jadawali, domin cire waɗanda suka fi jigata yana sa rukuninsu ya fito kamar ya fi lafiya.

A rana ta ƙarshe a ciro babban hanji, a shimfiɗa shi kan rula ba tare da ja ba, a ɗauki hoto. Na lafiyayyen ɓera yakan kai santimita 7 zuwa 9, kumburi kuma yana gajarta shi, kuma wannan awo mai arha yana cikin mafi aminci. A tsaga shi a tsaye, a wanke da ruwan gishirin gwaji, a naɗe kamar tabarma don a ga tsawonsa duka a yanka guda, domin DSS ya fi cin ɓangaren da ke kusa da dubura. A tsoma a fomalin kashi 10 mai yawan da ya ninka naman sau 10, na awa 24. Mai son ganin majinar hanji ya yi amfani da ruwan Kanoi, domin fomalin yana wanke ta. Duk awon da ke buƙatar daskarar da nama a digiri 80 ƙasa da sifili, kada a sa shi a tsari sai an tabbatar da firiza mai wutar da ba ta yankewa. Naman da ya narke ya sake daskarewa lambobinsa sun lalace. Mai shirin PCR, wato gwajin ƙwayoyin gado, kuma ya sani cewa ragowar DSS a nama tana hana aikin tafiya sai an tsarkake samfurin da lithiyam kulorayid.

Wajen lissafi, makin 0 zuwa 4 mataki ne, ba awo ba, don haka gwajin Kruskal-Wallis ya fi dacewa da shi. Tsawon hanji kuma a yi masa ANOVA mai fuska biyu, abinci da DSS. A zaɓi babban abin da za a auna tun kafin a fara a rubuta shi a tsari. Wanda ya auna abu 15 zai iya samun ɗaya da ya nuna bambanci ko da ruwa ya ba su.

Kada kuma ɗalibi ya shiga da yaƙinin cewa duk abin da ya fito daga tsiro alheri ne ga kumburarren hanji. Gaskiya ne bakteriya suna mayar da faiba zuwa butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin fatar babban hanji, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna ɓerayen da aka hana faiba bakteriyarsu ta koma cin majinar hanji. Amma akwai gwaje-gwajen da faiba mai saurin ruɓewa irin inulin ta ƙara tsananta kumburin. A 2015 ma an nuna cewa wasu sinadarai biyu da ake zubawa a abincin kanti don haɗa mai da ruwa, a kashi 1 cikin ɗari na ruwan sha, sun tayar da kumburi a ɓerayen da ke da saurin kamuwa. Kuma ba abinci kafin DSS yana gwada kariya ne. Mai son gwada warkarwa sai ya fara ba da abincin bayan an janye DSS.

Roƙonmu ga masu ba da maki, a sakandare da jami'a, shi ne aikin da ya sami cewa kuka ba ta sauya komai ba, ko ta ƙara zawo, ya sami cikakken makinsa idan rukunansa sun cika, an yi ƙuri'a, an auna ruwa da abinci, an kuma rufe wa mai dubawa lambobi. Sannan a riƙa karɓar littafin awon yau da kullum tare da kundin, mai kwanan wata da sa hannun mai kula da ɗakin dabbobi a kowane shafi.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyyar lafiya da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje,
Samaru, Zariya.